Dan Allah masu kiwon kunkuru ku zo, ɗan ƙaramin namu ya daina cin abinci

Maman Ilham

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Dan Allah wanda ya san kan kiwon kunkuru ya taimaka min da shawara don ni kam abin ya fara damuna. Wata biyu kenan ƙanin maigidana ya dawo daga tafiya ya kawo wa yara tsarabar ɗan kunkuru, ɗan firit dashi wlh ko tafin hannuna bai cika ba, na sa rular Ilham na auna bayansa santimita 6 ne da ɗan ɗoriya. Kalarsa ruwan ƙasa mai haske kamar yashi, ƙafafunsa na gaba duk kaushi. Yara suka raɗa masa suna Gaggawa.

To mu a bene muke zaune nan Kaduna, hawa na biyu, ba mu da tsakar gida sai 'yar baranda ta bayan kicin, ita ma tsoron ajiye shi nake a can saboda hankaki da wata magen maƙota da bata da aiki sai bin katanga. Shi yasa na sa shi a kwalin taliya a falo na shimfiɗa masa jarida, in yara sun dawo makaranta su fito dashi ya ɗan zaga kan tayil. Abinci kuwa duk abinda muka ci shi yake ci, shinkafa, ɗan tuwo, kankana, tumatir, latas, ranar nan ma na kama autana yana tura masa biredin da ya tsoma a shayi. Da farko ci yake kamar me, amma tunda sanyin nan ya shigo ya fara ja baya, yau kwana 6 kenan ko kallon abincin baya yi, yini yake a kusurwar kwali ya ƙudundune, ido a rufe kamar ma sun ɗan kumbura, jiya da na ɗauke shi na ɗan danna ƙasan cikinsa sai naji ya lotsa kamar murfin roba. Can kwanaki kuma naga wani farin abu kamar alli yana fita tare da kashinsa. Ruwa dai gaskiya ban taɓa bashi ba, don wanda ya kawo shi cewa yayi kunkurun daji baya shan ruwa.

Yanzu ina ya kamata in ajiye shi tunda dai cikin ɗaki ne dole, kuma me ake basu? Ko kaɗaici ne ke damunsa in sa a nemo masa ɗan uwa? Sannan maigida yace in ya warware a huda gefen ƙoƙon bayansa a ɗaura zare don kar ya ɓace ƙarƙashin kujeru, wai haka ake yi a gidansu, ni dai raina bai kwanta ba. Ilham tun jiya take kuka.

Ɗan Birni

Hajiya ki kwantar da hankalinki, kunkuru fa baya mutuwa da wuri. Kakarmu ta ajiye wani a gidanmu na cikin gari sama da shekara 30, ba abinda ake bashi sai ƙanzon tuwo da ɓawon kankana, yana nan yana yawonsa har muka girma muka barshi. Sanyi ne kawai ya sa naki yin likimo, in zafi ya dawo zai miƙe. Ki barshi ya huta, kar ki ɗora wa kanki hawan jini akan dabbar da zata iya binne mu duka 😂

Baba Mai Lambu

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Kar ki bi ta Ɗan Birni, na kakarsa babba ne kuma a tsakar gida yake, yana shan rana yana tsintar ciyawar gindin katanga ba tare da kowa ya lura ba, tuwon nan ƙari ne kawai. Naki jariri ne a cikin kwali, in kika jira zafi ya dawo ba lallai ki same shi ba.

Ni a Damagaram nake, ina da biyu a lambu, babban tun 1998 yake hannuna, na karɓe shi bai fi naki ba, yau sai ƙarti biyu sun kama kafin a ɗaga shi. Abu na farko ki juya shi a hankali ki dubi cinyoyinsa na baya gefen wutsiya, in kin ga wasu 'yan tsinaye biyu ko uku kamar ƙaya to namu ne na Sahel, irin wanda ake samu tun daga Senegal da Muritaniya, Mali, Nijar, arewacin Najeriya, Cadi, Sudan har Habasha. Duk duniya in an cire na tsibiran Galapagos da na Aldabra babu kunkurun tudu da ya kai shi girma. Na ce ki duba ne don akwai wani iri ƙarami na wajen kudu da in ya girma bayan ƙoƙonsa ke lanƙwasawa kamar ƙyaure, shi wannan yana cin dodon koɗi da tana, abincinsu ba ɗaya bane. Amma yadda kika faɗi kalar yashin nan da kaushin ƙafa, namu ne.

Inda mutane ke kuskure, sun ji an ce dabbar bakin hamada ce sai su ɗauka bushewa yake so. Wanda ya taɓa ganin raminsu a daji ya san ba haka bane. Da muna yara in an fita wajen Tanut ana cin karo da ramukansu, mita da yawa yake haƙawa ya gangara ƙasa, in rana ta take ya shige can ciki inda ƙasa ke da sanyi-sanyi da laima, sai da safe ko yamma ya fito kiwo. 'Ya'yan kuma da damina suke fitowa daga ƙwai, lokacin da ƙasa take jiƙe ciyawa tana ɗanya. Ke kuma kin sa shi kan jarida cikin hunturu, iska busasshiya, ba ruwa, ai kamar kin shanya kilishi ne.

Ki yar da kwalin nan yau. Ki sa kafinta ya haɗa miki akwatin katako mara murfi, tsawo kamar santimita 120 faɗi 60, bangon ya kai 30 don suna hawa fiye da yadda kike zato, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasan saboda ruwa. In ba halin kafinta yanzu, babban bahon wanki na roba ya isa na ɗan lokaci. Ban da akwatin gilas irin na kifi, baya gane gilas, zai yini yana tura kai yana son wucewa. Ki zuba ƙasar gona wadda ba a sa mata takin zamani ko maganin feshi ba, zurfin kamu ɗaya, yadda zai iya tona ya binne kansa. Kar ki sa zallan yashin gini, yana shiga ido, in ya haɗiye shi da abinci kuma yana toshe ciki. Dusar katako ma a'a.

Sai ki nemi tsohuwar tukunyar ƙasa ko kasko da ya fashe, ki kifa rabin a kusurwa ɗaya ki tura ƙasa ta rufe gefensa, ya zama kamar bakin rami. Kullum ki yayyafa ruwa a ƙasar da ke ciki ta yi danshi, ba caɓalɓal ba, danshin da in kika dunƙula a hannu zata kama amma ruwa ba zai ɗiga ba. Tukunyar ƙasa tana riƙe laima kamar yadda randa ke yi, na gwada roba na gwada kwano duk ba su kai ta ba. Ɗaya gefen akwatin ki barshi a bushe. Shi da kansa zai zaɓi inda yake so.

Maganar baya shan ruwa kuma, wanda ya faɗa miki bai taɓa ganinsu ranar ruwan farko ba, nawa har kai suke tsomawa cikin kwatami su jima suna zuƙa. Ki ajiye masa faranti mara zurfi ki danna shi cikin ƙasar ya yi daidai da ita, ya shiga ya fita da kansa. Mara zurfi fa, don wannan ba kififiya bane, bai iya iyo ba, ɗan ruwan bokiti sai ya kashe shi.

Huda ƙoƙo kuwa ki ba maigida haƙuri. Na san ana yi, mu ma mun taso mun gani, amma ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe, da jini da jijiya a ciki. Ko fenti ko jan farce kar a shafa masa. Kuma ki kula da ɓera da dare, yana gwaguyar ƙafafun ƙananan, na rasa ɗaya a haka shekarun baya, da safe na tarar da aikin gama ya gama. Ki rufa wayar kejin kaji a saman akwatin kafin ku kwanta.

Maman Ilham

Baba Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na duba yanzun nan, ga 'yan tsinayen nan a cinyar kamar yadda kace. Wlh jikina yayi sanyi, ashe azaba muke gana masa muna ganin gata ne. Na juye kayan wanki na ɗauko bahon, gobe mai gadi zai ɗebo min ƙasa. To abincin fa Baba, da wannan laushin cikin?

Dakta Sani

Maman Ilham sannu da ƙoƙari. Baba ya gama magana akan wurin zama, ni bari in ɗora akan jikin nasa, aikina kenan duk da dai shanu da kaji sun fi yawa a hannuna.

Ki fara da jiƙa shi tun yau. Ruwa mai ɗumi-ɗumi irin na wankan jariri, ki gwada da gwiwar hannu, ki zuba a roba ya tsaya daidai inda ƙoƙon sama ya haɗu da na ƙasa, kar ya kai hancinsa. Minti 15 zuwa 20 kullum da safe, kina tsaye akansa, in ruwan ya huce ki canza. Yawanci a ciki zai sha kuma a ciki zai yi kashi. Farin abun da kika gani ba cuta bane, haka fitsarinsu yake fita, in yana da laushi kamar man goge baki lafiya lau, in ya zama gari-gari ko tsakuwa to jikinsa ya bushe, in aka daɗe a haka dutse ke taruwa a mafitsara.

Na biyu zafi. Kunkuru jikinsa baya haɗa ɗumi da kansa kamar namu, na waje yake ara, in bai ɗumama ba cikinsa baya narka abinci shi yasa yake ƙin ci. Kuma irin wannan baya barcin hunturu kamar na ƙasashen Turai, don haka in kinga ya lafe kwana da kwanaki ba hutu yake ba. Tayil da sanyin Kaduna na Disamba da Janairu, ga fanka ko esi, duk suna zuƙe masa ɗumi. Yana son gefe ɗaya na akwatin ya kai wajen digiri 35, ɗaya gefen 27 haka, da dare kar ya sauka ƙasa da 24 musamman tunda zaki sa masa danshi, don sanyi da laima in sun haɗu mura ce da ciwon huhu. Kwan fitila irin na da mai zafi, wanda masu kaji ke sa wa 'yan tsaki, ki rataya shi sama da gefe ɗaya, ki sayi ɗan ma'aunin zafi ki ajiye daidai inda yake kwanciya kar ki yi ta ƙiyasi. In an ɗauke wuta da dare ki cika gora da ruwan zafi ki naɗe da tawul ki jingina a gefen tukunyar, ki rufa bargo a saman wayar ki bar kafar iska. Ban da gawayi a ɗaki.

Na uku, kuma shi ne babba, rana. Hasken rana yana da wani sashe da ake kira UVB, shi ke sa fata ta haɗa bitamin D3, shi kuma D3 shi ke sa jiki ya ɗauki kalsiyam ya gina ƙashi. Ba rana, ko buhun kalsiyam kika bashi a banza. Gilashin taga yana tare UVB ɗin, saboda haka ranar da ke shigowa falo ta taga ɗumi kawai take bashi. Jariri ɗan wata kaɗan dama ƙasan cikinsa na ɗan motsawa in an danna, wannan ba komai, amma laushi ga rashin ci ga rufe ido bayan wata biyu a kwali, alamar ƙashin ya fara rasa kalsiyam ne. Barandarki ita ce maganin. Ki fitar da bahon da hantsi, wajen ƙarfe 9 zuwa 10 da rabi, minti 30 zuwa awa ɗaya, ki rufa wayar kaji saboda hankaki, kuma dole rabin bahon ya kasance a inuwa. Na nanata, dole. Ɗan kunkuru a roba cikin ranar azahar ba inuwa, kafin ki idar da sallah ya tafi.

Abinci, ki ɗauka ɗan maraƙi kike kiwo. Ciyawa ce abincinsa, mafi yawan abinda zai ci ya zama ita, kiri-kiri, harkiya, guɗe-guɗe, ɗanyar kyasuwa, ki yanka ƙanana da almakashi tunda bakinsa ƙarami ne. Sai ki haɗa da ganye, na kabewa da furenta, na kuɓewa, na dankalin Hausa, lalo, rama, ɗan zogale kaɗan. Alayyahu da yakuwa da kabeji jefi-jefi, kar su zama na kullum, alayyahu da yakuwa suna da sinadarin da ke riƙe kalsiyam ya hana jiki amfana. Latas ba guba bane amma kusan ruwa ne zalla. Kankana da tumatir da mangwaro zaƙinsu na ɓata masa ciki ya sa zawo, ki ajiye su. Tuwo, shinkafa, biredi, wake, nama, madara, abincin kare ko na kaji, ko ɗaya. Furotin mai yawa yana wahalar da ƙodarsu, kuma shi da bushewar wuri su ake dangantawa da ƙoƙon nan da ke tashi tudu-tudu kamar an jera dala, wanda in ya tashi ya tashi kenan. Harawa ma saboda haka kaɗan ake basu. Masu kisa kuma ki gaya wa yara da mai gadi, tumfafiya, zurma, zaƙami, ganyen rogo, ganyen tumatir, albasa, fiya. Kar a tsinko ciyawar bakin titi ko inda aka yi feshi.

Kalsiyam ba sai kin sayi na kanti ba, ki tafasa ɓawon ƙwai ki shanya ki daka ya yi laushi kamar hoda, ɗan abinda yatsu biyu suka ɗauka ki barbaɗa akan ganye sau 2 ko 3 a sati.

In kin yi duk wannan kwana 4 ko 5 bai buɗe ido ba, ko kika ga kumfa a hanci, ko yana buɗe baki yana numfashi, ki kai shi asibitin dabbobi, kar a ɗura masa maganin mutane ko na kaji. Sannan duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ko da lafiyarsu ƙalau, kar autanki ya kai shi baki, kuma robar jiƙonsa kar ta haɗu da kwanukan kicin.

Anty Bilki

Kai wannan zance ya taɓo min inda yake min ƙaiƙayi 😅 Maman Ilham ni a Ingila nake, ina da irinsa shekara 4 kenan, ku gode wa Allah da rana kyauta, mu nan sayenta muke. Fitilar UVB doguwa nake kunna masa awa 12 kullum, kuma ko tana haske sai an canza ta duk wata 6 zuwa shekara saboda ƙarfin yana ƙarewa ido baya gani, ga kuɗin wutar hita, maigidana har cewa yake kunkurun nan ya fi shi cin albashinsa. Ke tunda kina da baranda ba sai kin shiga wannan ba, sai dai in hazo ya rufe gari kwana da kwanaki ko damina ta hana fita.

Ni akan kaɗaicin zanyi magana. Kar ki sayo na biyu. Su ba tumaki bane, a daji kowa harkarsa yake, in kika haɗa biyu a akwati ɗaya ƙarfaffan zai dinga bin raunannan yana ture shi daga abinci da wurin ɗumi, ke kina ganin suna bin juna ki ce shaƙuwa ce. In suka girma suka zama maza biyu kuwa dambe ne, su kifar da juna, wanda ya kifu a rana in ba a gani ba shikenan. Kuma yanzu ba wanda zai iya ce miki mace ne ko namiji, sai ya yi shekaru ya girma sannan namiji ake ganin cikinsa ya loɓa wutsiyarsa ta fi tsawo.

Abinda yake so shi ne abin yi. Nawa da na fara ajiye shi a fili fetal yini yake yana bin bango yana karta, da na sa masa tudun ƙasa a tsakiya da guntun itace da duwatsu masu faɗi guda uku yadda baya hango ƙarshen akwatin daga inda yake, sai ya koma zagaye yana leƙe-leƙe. Kar dai ki sa abu mai tsayi kusa da bango ko kusa da fitila inda zai hau ya kifu. Abinci ma bana tara masa wuri ɗaya, ina warwatsawa, wani ƙarƙashin itacen wani bayan dutse, ya nema da hancinsa. Wanda zan ajiye kuma akan dutse mai kaushi nake sawa, yana goge masa baki da farce kar su yi zaƙo-zaƙo. Duk sati biyu haka ina ɗan sauya wa kayan wuri, ranar zaki ganshi ya zama sifeto. Abinda ya fi so duk duniya shi ne tiren ciyawa, ina shuka alkama a tire uku, kwana 10 ta tashi, in sa masa ɗaya ya yi kiwo da kansa yana fizga, in ya cinye in canza. Ke kina iya yi da alkama ko gero. Ban da dawa, Dakta zai gyara min in nayi kuskure amma ɗanyen tsiron dawa yana da guba, shi yasa makiyaya ke tsoron gyauro.

Yawon tayil ɗin nan ki rage, santsi yana buɗe musu ƙafafu, kuma duk abu mai kala ja ko rawaya sai sun kai baki, nawa ya taɓa haɗiye guntun balan-balan na kwana uku ban yi barci ba sai da na ganshi a kashi. In zaki fesa maganin sauro ko kunna na hayaƙi ki fitar da akwatin tukuna. Yara kuma su zauna su kalla, ɗauka da juyawa yana firgita su har su saki fitsari, ruwan jikinsu kenan suke zubarwa.

Sai maganar da ba a so. Wannan abu mai santimita 6 namijinsa yana wuce kilo 50, ƙoƙon ya kai santimita 70 zuwa 80, kuma suna haura shekara 70. Nawa a shekara 4 ya fi ƙarfin akwati biyu, yanzu rabin ɗakin baƙi nasa ne, yana ture kujera kamar ba komai. A nan da Amurka wuraren karɓar dabbobi cike suke da irinsu saboda mutane sun saya suna 'yan mitsi-mitsi ba su san abinda ke tafe ba. Ku fara tunanin gidan da ke da fili tun yanzu, ko gidan su maigida ko gona mai katanga, don bene na 'yan shekaru ne kawai.

Ɗan Birni

Toh ni dai na ga ikon Allah, kunkuru da ma'aunin zafi da ruwan wankan jariri, saura a yi masa rijistar makaranta. Dakta to ya na fadar Ogbomosho da aka ce ya shekara 344, shi wa ya daka masa ɓawon ƙwai? Ba gardama nake ba fa, tambaya ce.

Dakta Sani

Ɗan Birni ai Alagba kake nufi, na fadar Soun, wato sarkin Ogbomosho, kunkurun da ya mutu a 2019. Irin na Maman Ilham ne kuwa. Shekarun nan 344 faɗar fada ce, masana dabbobi da yawa ba su yarda ba don irinsu basa kaiwa nan, wanda ake da hujja mai ƙarfi akansa shi ne Jonathan na tsibirin Saint Helena da aka ƙiyasta haihuwarsa wajen 1832, shi kuma wani iri ne daban. Ko ma dai nawa ne, a fili ya rayu yana shan rana da masu yi masa hidima. Manyan da kake gani a gidaje su ne suka tsallake, ƙananan da suka mutu a kwali ba wanda ya ƙirga su.

Anty Bilki daidai ne maganar dawa. Kuma tunda an zo nan, a daina sayensu hannun masu kamowa daga daji, sun ragu sosai, suna cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, tun 2000 yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobin daji ta hana fitar da kamun daji zuwa waje don kasuwanci. A Senegal har wuri aka ware musu a Noflaye kusa da Dakar ana kiwonsu ana mayarwa daji. Wanda ya riga ya shigo hannu kamar wannan a riƙe shi da kyau, kar kuma a je a sake shi a kowane daji.

Maman Ilham

Salam, na dawo da labari, yau kwana 12. Ranar farko da na sa shi a ruwan ɗumin ko motsi bai yi ba har na fara salati, can sai naga ya miƙo wuya ya tsoma baki yana ta zuƙa, maƙogwaron na motsi, ni da Ilham muka tsuguna muna kallo kamar talabijin. Rana ta uku ido ɗaya ya buɗe, ta huɗu duka biyun. Ciyawar dai da farko ƙi yayi, ya shinshina ya juya min baya, sai da na yanka ta sosai na cakuɗa da ɗan latas da furen kabewa da mai gadi ya samo min sannan ya fara, yanzu ina rage latas ɗin a hankali. Kafinta ya kawo akwatin shekaranjiya, na fasa tsohon kaskon turarena na kifa masa, da magariba da kansa yake shigewa ya tona ya bar mana ɗuwawu a waje. Na auna shi a sikelin kek ɗina ranar da na fara giram 52, yau 55. Cikin har yanzu da ɗan laushi amma ina ga kamar ya ragu, ko idona ne oho. Zancen huda an barshi, maigida da ya karanta abinda Baba ya rubuta shiru yayi, jiya ma shi ya fitar dashi baranda kafin ya tafi ofis. Maganar fili kuma yace in ya girma a kai shi gidan Hajiyarsu a Zariya, ita bata ma sani ba tukuna.

Tambaya ɗaya ta rage, ƙasar nan sai yaushe ake canza ta? Naga wasu 'yan ƙwari ƙanana farare suna yawo gefen farantin ruwan.

Baba Mai Lambu

Madalla, Allah ya raya Gaggawa. Kashi da ragowar ganye ki kwashe kullum da yamma, su ke jawo ƙwarin. Fararen nan masu tsalle na danshi ne basa cizonsa, ki ɗan rage ruwan da kike zubawa wajen farantin. Ƙasar duka ki juye ki sa sabuwa duk wata biyu ko uku, ki shanya sabuwar a rana kwana biyu kafin ki zuba. In dai kinga cinnaka ko tururuwa sun yi layi to ranar zaki canza, kuma ki ɗaga akwatin daga ƙasa ki sa ƙafafunsa cikin gwangwanayen ruwa.